Kumfar gilashi

Kumfar gilashi wani abu ne mara nauyi, mai tauri, da ake sarrafawa daga fasassun kwalabe da gilasan tagogi, ana sa shi a gini domin ya tare zafi da sanyi. A ido ya yi kama da soso baƙi ko ruwan toka, amma a hannu dutse ne mai kaushi. An fara gwada yin sa a Tarayyar Sobiyet da Faransa a shekarun 1930, sannan kamfanin Pittsburgh Corning na Amurka ya shiga yin sa da yawa a shekarun 1940 da sunan Foamglas.

Ana wanke gilashin, a niƙe shi ya zama gari lukui, a gauraya shi da ɗan abin da zai fitar da iska idan ya ji wuta, kamar garin kabon ko farar ƙasa. Sai a shigar da shi tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas. A nan gwanintar take. Dole iskar ta fito daidai lokacin da gilashin ya yi laushi amma bai zama ruwa ba. In ta yi sauri, sai ta sulale ta tsakanin garin. In gilashin ya tsinke da yawa, ƙwayoyin kumfar su fashe, abin ya lotsa. Idan aka dace, garin yakan kumbura ninki da yawa, cike da ƙananan ramuka rufaffu. Iskar da ta maƙale cikinsu ita ce ke hana zafi wucewa.

In allo ake so, a hankali ake sanyaya shi kafin a yanka. In aka bar shi ya huce da sauri, yakan tsattsage ya zama tsakuwa, wadda ake zubawa ƙarƙashin harsashin gini da tituna.

Gilashi na yau da kullum yakan kai kilo 2,500 a kowace kubik mita, allon kumfarsa kuwa tsakanin 100 da 200. Ba ya cin wuta, ba ya shan ruwa, gara da ɓera ba sa taɓa shi. Sai dai yana da saurin ɓarewa, kuma tanderun na shan makamashi.

Babban alfanunsa a wajena shi ne karɓar gilashin da masana'antun kwalba ke ƙi: mai gaurayen launi, da burbushin da ya yi ƙanƙanta a tantance shi, wanda da bola zai nufa.