David Goffin: Farkon Tashensa a Wasan Tanis

David Goffin ɗan wasan tanis ne na ƙasar Beljiyam. An haife shi ranar 7 ga Disamba, 1990, a Rocourt, wata unguwa ta birnin Liège da ke yankin masu jin Faransanci. Shi ne namiji na farko daga ƙasar da ya shiga sahun 'yan wasa goma mafiya daraja a duniya, a watan Fabrairun 2017. Shekarun da suka gina shi su ne 2009 zuwa 2015, kuma a cikinsu sau biyu ya yi tashe. Na farko sa'a ce ta buɗe masa ƙofa, na biyun kuwa sai da ya karye, aka manta da shi, sannan ya dawo da ƙarfinsa.

Gida da ƙuruciya

Mahaifinsa, Michel, kocin tanis ne, kuma a hannunsa yaron ya fara koyon wasan yana da kimanin shekara shida. Daga baya ya koma cibiyar horaswa ta hukumar tanis ta yankin masu jin Faransanci da ke garin Mons. A lokacin da yake tasowa, mata ne ke riƙe da tutar Beljiyam a wannan wasa. Justine Henin, wadda ita ma haifaffiyar Liège ce, ta ci manyan gasanni bakwai, Kim Clijsters ta ci huɗu, kuma kowaccensu ta taɓa zama ta ɗaya a duniya. A ɓangaren maza, Xavier Malisse ne ya fi nisa: ya kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon a 2002, ya kuma tsaya a matsayi na 19.

Goffin ba shi da jikin da ake nema a tanis na zamani. Tsayinsa mita 1.80 ne, nauyinsa kusan kilo 70, alhali da yawa daga abokan karawarsa sun doshi mita biyu, kuma bugun farko kaɗai yana ci musu maki. Abin da ya rasa na ƙarfi sai ya nemo shi a ƙafa da ido. Yana tsayawa kusa da layin baya, ya tari ƙwallo tun tana tasowa daga ƙasa, kafin ta gama ɗagawa, ya mayar da ita abokin karawa bai gama gyara tsayuwa ba. Bugunsa na gefen hagu, wanda yake yi da hannu biyu, shi ne makaminsa mafi kaifi.

Ya zama ƙwararren ɗan wasa a 2009. Kamar kowa, ya fara daga ƙananan gasanni na Futures da Challenger, inda kuɗin lada da ƙyar yake biyan kuɗin jirgi da masauki. Nasararsa ta farko a gasar ATP, wato babban rukunin gasannin ƙwararrun maza, ta zo a Janairun 2011 a Chennai ta Indiya, inda ya doke ɗan gida Somdev Devvarman.

Faɗuwar da ta zo daidai da zama

Manyan gasannin tanis huɗu ne: ta Ostiraliya, ta Faransa da ake kira Roland Garros, Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. Kowacce tana ɗaukar maza 128. Mafi yawansu matsayinsu ne ke shigar da su kai tsaye, wasu kaɗan a ba su tikitin alfarma, guraben 16 kuma sai an bi ta wasannin share fage, zagaye uku. Akwai wata ƙa'ida: idan wani daga cikin waɗanda aka riga aka jera ya janye kafin ya buga wasansa na farko, sai a cike gurbinsa da ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi a zagayen ƙarshe na share fage.

A Mayun 2012 Goffin na matsayi na 109. Ya je Paris, ya ci wasa biyu na share fage, a na uku João Sousa na Fotugal ya fitar da shi. Da an bi ta nan, sai haɗa kaya. Sai Gaël Monfils na Faransa ya janye saboda ciwon gwiwa, aka kira Goffin.

A manyan gasanni maza na buga wasa turmi-turmi ne, wanda ya fara cin uku cikin biyar shi ya yi nasara. Goffin ya doke Radek Štěpánek a turmi biyar, ya doke tsohon hannu Arnaud Clément na Faransa shi ma a turmi biyar a gaban 'yan ƙasarsa, sannan ya kawar da Łukasz Kubot na Poland. Rabon da wanda ya shigo ta wannan ƙofa ya kai zagaye na huɗu a babbar gasa tun 1995, lokacin da Dick Norman ya yi hakan a Wimbledon. Abin mamaki, shi ma Norman ɗan Beljiyam ne, sai dai shi dogo ne da ya haura mita biyu.

A zagaye na huɗu ya haɗu da Roger Federer, shahararren ɗan wasan Suwizalan, mutumin da Goffin ya faɗa da bakinsa cewa hotunansa ne manne a bangon ɗakinsa tun yana yaro. Yana da shekara 21, amma fuskarsa ta ɗan makarantar sakandare ce. Ya ci turmin farko da 7-5, ya matsa wa Federer lamba a na biyu har kusan ƙarshe, kafin gogewa ta yi halinta. Federer ya ci sauran ukun da 7-5, 6-2, 6-4. Bayan wasan aka tsayar da su tare a tsakiyar fili ana yi musu tambayoyi, abin da ba a saba yi wa wanda aka fitar ba.

Wimbledon ta ba shi tikitin alfarma a wannan bazarar, ya doke Bernard Tomic, ya kai zagaye na uku. Ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan, ya kuma rufe shekarar cikin hamsin na farko a duniya.

Karaya

Shekarar 2013 ba ta yi masa daɗi ba. Abokan karawa sun gane salonsa, makin da ya tara a Paris kuma ya zube, domin a tanis maki shekara ɗaya kawai yake yi a lissafi. A watan Satumba ya karye a wuyan hannun hagu. Duk da cewa da dama yake wasa, hagun ne ke tallafar bugunsa mafi kyau. Bai sake buga wasa ba a shekarar, ya kuma fice daga ɗari na farko.

Bazarar 2014

A Yunin 2014 aka haɗa shi da Andy Murray na Birtaniya, mai riƙe da kofi, a wasan buɗe Wimbledon. Murray ya ci turmi uku a jere. Goffin, wanda a lokacin yake aiki da koci Thierry Van Cleemput, ya koma ƙananan gasanni a filayen jar ƙasa, inda babu kyamarori kuma 'yan kallo ba su da yawa. Ya ɗauki kofin Challenger a Scheveningen ta Holan, mako na gaba a Poznań ta Poland, na gaba kuma a Tampere ta Finland. Daga nan ya wuce Kitzbühel ta Ostiriya, ya doke ɗan gida Dominic Thiem a wasan ƙarshe, ya ɗaga kofin ATP na farko a rayuwarsa. Sai da ya ci wasa 25 a jere kafin Jerzy Janowicz ya taka masa birki a Winston-Salem ta Amurka.

Masu sharhi sun fi yawan tuna wasansa da Federer, amma waɗannan makonni ne suka nuna ko wane ne shi. Kofi huɗu a makonni huɗu, a ƙasashe huɗu, ba abin da sa'a ke bayarwa ba ne.

A Satumba ya ci kofi na biyu a Metz ta Faransa, kuma wanda ya doke a wasan ƙarshe shi ne João Sousa, mutumin da ya fitar da shi a share fage shekara biyu da suka wuce. A Oktoba ya kai wasan ƙarshe a Basel, mahaifar Federer, inda mai gida ya lallasa shi da 6-2, 6-2. Ya rufe shekarar a matsayi na 22, 'yan wasa 'yan'uwansa kuma suka zaɓe shi gwarzon da ya fi kowa farfaɗowa a shekarar.

Kofin Davis na 2015

Kofin Davis gasa ce ta ƙasa da ƙasa, kuma a 2015 Goffin ne jagoran tawagar Beljiyam. Sun fitar da Suwizalan, wadda ta zo ba tare da manyan 'yan wasanta Federer da Stan Wawrinka ba, sannan Kanada, sannan Ajantina a birnin Brussels, inda Steve Darcis ya ci wasan raba gardama. Rabon ƙasar da wasan ƙarshe tun 1904, kuma a wancan karon ma 'yan Birtaniya ne suka tare ta.

An yi karawar a ƙarshen Nuwamba a birnin Ghent, a filin jar ƙasa da aka shimfiɗa cikin zauren baje koli, makonni biyu bayan hare-haren Paris, cikin tsauraran matakan tsaro. A ranar farko Kyle Edmund, wanda bai taɓa buga wa Birtaniya wannan gasa ba, ya ci turmi biyu na farko. Goffin ya farfaɗo ya cinye ukun da suka rage, na ƙarshe da 6-0. Ranar Lahadi ya fuskanci Murray, ya sha kaye da 6-3, 7-5, 6-3. Makin ƙarshe Murray ya ɗaga ƙwallo ne ta saman kan Goffin ta sauka cikin fili, Birtaniya ta ɗauki kofin karo na farko tun 1936. Goffin ya shiga 2016 yana matsayi na 16 a duniya.