Rabe-raben malam buɗe littafi da faɗa-wuta

Malam buɗe littafi da faɗa-wuta dangi ɗaya ne a wajen masana ƙwari, sunan gidan nasu Lefidoftera, daga kalmomin Girkanci guda biyu masu nufin ɓawo da fiffike. Wannan ɗan garin da ke maƙalewa mutum a yatsa in ya kama ɗayansu, ai ba gari bane, ƙananan ɓawo ne jere a kan fiffiken ɗaya kan ɗaya, kuma su ne tambarin gidan gaba ɗaya. Kawo yanzu an raɗa wa nau'i wajen 160,000 suna, amma malam buɗe littafi bai kai 20,000 ba a ciki, duk sauran faɗa-wuta ne.

Da can rabon mai sauƙi ne. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin a 1758 gida uku kacal ya zuba su, Papilio da Sphinx da Phalaena, shikenan. Mutane kuma suka riƙe cewa mai yawo da rana wanda ƙahonsa ke da ɗan kulki a ƙarshe shine malam buɗe littafi, mai yawon dare shine faɗa-wuta. To amma abin bai tsaya haka ba dan akwai faɗa-wuta masu yawon rana da launi har sun fi wasu malaman kyau, sannan akwai wani gida a nahiyar Amurka da ake kira Hedylidae da aka daɗe ana lissafa su cikin faɗa-wuta saboda da dare suke fita, sai a 1986 Malcolm Scoble ya nuna cewa sun fi kusa da malam buɗe littafi, daga baya gwajin ƙwayoyin gado ya gaskata shi. A taƙaice dai malam buɗe littafi reshe ne da ya tsiro daga cikin faɗa-wuta ya koma harkar rana.

Burbushinsu a cikin duwatsu yana da wuyar samu sosai, jiki ne mai laushi, kafin laka ta binne shi ya riga ya ruɓe ko wani abu ya cinye. Shi yasa ɗan abin da aka samu ake ji da shi. Akwai Archaeolepis mane daga Dorset a Ingila mai shekara wajen miliyan 190, guntayen fiffike ne kawai. Akwai Prodryas persephone daga Florissant a jihar Kolorado mai shekara wajen miliyan 34, wannan kam har zanen fiffikensa ana gani, Samuel Scudder ne ya bayyana shi a 1878. Wasu kuma a cikin daskararren ƙaron itace ake tsintar su. Amma wanda ya fi bada mamaki shine na 2018, lokacin da aka samo ɓawon fiffike tsirara a cikin dutsen da aka haƙo a arewacin Jamus mai shekara wajen miliyan 200, wasunsu cikinsu rami ne irin na masu dogon bakin tsotso, alhali a lokacin tsirrai masu fure basu yaɗu ba tukuna. Kenan bakin ya riga furen zuwa.

Gidajen tarihi kuwa nan ne tushen suna. Galibin nau'o'in da aka raɗa wa suna akwai ƙwaro guda da aka soke da allura aka ajiye a durowa, shine ma'auni, in gardama ta tashi shi ake komawa a duba. A ƙarƙashinsa akwai 'yar takarda da aka rubuta inda aka kama shi da ranar da sunan wanda ya kama, in ta ɓata to rabin amfaninsa ya tafi. Gidan tarihin halittu na Landan yana da miliyoyin malam buɗe littafi da faɗa-wuta a ajiye, wasu daga ciki irin waɗannan ma'aunan ne. Kuma launi kaɗai baya isa, dan wasu kwaikwayon launin masu dafi suke yi, wasu kuma mace daban namiji daban har a ɗauka nau'i biyu ne. Saboda haka sai a duba yadda jijiyoyin fiffike suka rarrabu, a kuma yanke ƙarshen ciki a jiƙa shi a sinadari a ciro gaɓoɓin haihuwa a duba a madubin ƙara girma, aiki ne na haƙuri gaskiya, amma sau da yawa nan ake gane bambancin.

Sai kuma ƙwayoyin gado. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar gane nau'i ta hanyar karanta wani ɗan yanki na ƙwayoyin gadon mai harafi wajen 650, ƙafa ɗaya ta ƙwaron ta isa a yi gwajin. Manyan bincike da suka biyo baya sun kiyasta asalin gidan Lefidoftera ya kai shekara wajen miliyan 300, malam buɗe littafi kuma wajen miliyan 100, kuma alamu sun nuna daga nahiyar Amurka malamin ya faro. Sai dai waɗannan shekarun ba daga ƙwayoyin gadon kaɗai suke fitowa ba, da burbushin nan ake saita lissafin, in an saka burbushi ɗaya a reshen da ba nasa ba duk lissafin ya karkace.

Ita ma dabarar Hebert bata tsira daga gardama ba. A 2004 aka yi amfani da ita aka ce wani malam buɗe littafi mai suna Astraptes fulgerator na Kosta Rika da ake ɗauka nau'i ɗaya ne ashe goma ne, manyan kamarsu ɗaya amma tsutsotsinsu launi daban, ganyen da suke ci ma daban. Bayan shekara biyu Andrew Brower ya sake bin bayanan ya ce shi dai bai ga goma ba, abin da hujjar zata iya ɗauka bai wuce bakwai ba.