Biskos

Biskos zare ne da ake samu daga itace bayan an niƙa shi an narkar da shi da sinadarai an sake mayar da shi zare. Asalinsa tsiro ne kamar auduga, sai dai masana'anta ce ke haifar da shi. A Amurka an fi kiransa rayon, sunan da aka raɗa masa a 1924. Kafin nan "silikin kanti" yake, don an ƙirƙiro shi ne ya maye gurbin alharini mai tsada.

Wasu masana sinadarai uku na Ingila, Charles Cross da Edward Bevan da Clayton Beadle, su ne suka yi rajistar dabarar a 1892. Kamfanin Courtaulds ya fara sarrafa shi don kasuwa a birnin Kobentiri na Ingila a 1905. Yau Sin ce kan gaba wajen samar da shi, ga kuma Indiya da Indonisiya, da kamfanin Lenzing na Ostiriya.

Aikin yana farawa da niƙaƙƙen itacen turare ko gora ko makamantansu. Ana jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi, irin ta masu yin sabulu, a matse, a daddatsa, a bar shi ya kwana. Sai a zuba masa sinadarin kabon disalfaid, ya koma gari mai launin ruwan lemo. In aka sake narkar da garin a ruwan soda, sai ya zama ruwa mai kauri da yauƙi kamar zuma, kuma daga kalmar Turanci mai nufin wannan kaurin sunan biskos ya samo asali. Ana tura ruwan ta wata rariya mai ƙananan huji zuwa cikin asid irin na ruwan batir, nan take ya daskare ya zama silili.

Yadinsa yana da laushi da sheƙi, yana zubowa a jiki, yana karɓar rini sosai, yana kuma shan gumi fiye da auduga. Shi ya sa ake yin riguna da mayafai da shafin kwat da shi, har da zaren aiki na keken ɗinki da tsumman goge jarirai. Aibinsa yana bayyana ne a wurin wanki: in ya jiƙe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, don haka murɗa shi da ƙarfi na iya ɓata shi, ga saurin yamutsewa da tsukewa.

Babbar matsalar tana masana'anta. Kabon disalfaid guba ne mai lalata jijiyoyi da zuciya, ya kuma taɓa ƙwaƙwalwar ma'aikata da dama a masana'antun farko. Wannan na cikin abin da ya sa aka fito da layosel, wani zaren itace irin biskos, wanda ake sayarwa da sunan Tencel: ba ya buƙatar wannan guba, kuma kusan duk ruwan da aka narkar da itacen da shi ana tace shi a sake aiki da shi.