Sherlock Holmes (shirin talabijin na 1954)

Sherlock Holmes shiri ne na talabijin mai kashi 39, na baƙi da fari, wanda aka nuna a tashoshin Amurka a 1954 da 1955. Kowane kashi bai wuce rabin awa ba. Ba'amurke Sheldon Reynolds ne ya shirya shi, kan mai binciken laifuffukan nan da Arthur Conan Doyle ya ƙago a 1887.

Labarin na Landan ne, amma a Faransa aka ɗauki shirin, a wani ɗakin ɗaukar fim da ke Epinay-sur-Seine, kusa da Faris. Can aka kafa kwaikwayon Titin Baker da gida mai lamba 221B, inda Holmes ke zaune a labarin. Mai kunnen basira zai ji Turancin wasu ƙananan 'yan wasan yana karkata zuwa Faransanci.

Ronald Howard, ɗan shahararren jarumi Leslie Howard, shi ya fito a Holmes, yana da shekara 36. Holmes ɗinsa saurayi ne mai zumuɗi da fara'a, wanda aikin bincike bai riga ya gajiyar ba. Archie Duncan ya hau kujerar Sufeto Lestrade. Sai dai gishirin shirin yana wajen Howard Marion-Crawford, mai wasan Dakta Watson, abokin Holmes. 'Yan kallo na lokacin sun saba da Watson ɗin Nigel Bruce na fina-finan 1939 zuwa 1946, dattijo mai shirme wanda kullum ake bari a baya. Marion-Crawford ya dawo masa da mutuncinsa na tsohon likitan soja: mai ƙarfi, mai hankali, kuma ba ya jin tsoron kai naushi.

Kaɗan ne daga cikin labaran aka ciro kai tsaye daga alƙalamin Doyle, kamar "The Red-Headed League". Sauran ƙirƙirar marubutan shirin ne, wasu da barkwanci fiye da kima, abin da masu riƙe da asalin littattafan ba sa yafewa.

Reynolds ya sake gwada sa'arsa da wani shirin Holmes wajen 1979, a ƙasar Foland, da Geoffrey Whitehead a Holmes da Donald Pickering a Watson. Wannan ma ya fi na farkon ɓacewa daga idon jama'a. Na 1954 ya yi sa'a, domin an adana shi, kuma ana samunsa a faifan DVD da YouTube. Shirin BBC na 1951, wanda Alan Wheatley ya fito a Holmes, kai tsaye aka watsa shi, ko kashi ɗaya bai saura ba.