Abin da ke faruwa da ɗigon jini a cikin abin gwajin maleriya

Ɗan abin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake amfani da shi a ƙananan asibitoci ba ƙwayar cutar yake gani ba. Galibi abin da yake nema shi ne wani furotin mai suna HRP2, wanda ƙwayar maleriya mai suna Plasmodium falciparum ke saki a cikin jinin mara lafiya. Idan aka ɗiga jini aka bi shi da ruwan gwaji, ruwan yana ratsa wata siririyar takarda mai ɗimbin ƙofofi da ido ba ya gani, ya kwashi furotin ɗin ya haɗa shi da sinadaran garkuwa da aka ɗaura wa ƙananan ƙwayoyin zinariya, sannan ya kai su wurin da aka girke wasu sinadaran da za su cafke su. Taruwar zinariyar nan ce ke fitowa a matsayin jan layin da ma'aikacin lafiya yake nuna wa mai jinya. Saboda haka ingancin sakamakon ya rataya ne a kan yadda furotin ke tafiya a cikin ƙunci, kuma wannan shi ne abin da masana ke nazari a kai a hanyoyin ruwa da suka fi na takardar nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ma'aunin da ake magana da shi a wannan fage sunansa nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000, jan ƙwayar jini tana da faɗin kusan 7,000 zuwa 8,000, shi kuwa furotin na himoglobin da ke ɗaukar iska a cikinta bai wuce 5 zuwa 6 ba. Masu bincike suna sassaƙa hanyoyi a jikin gilashi ko silikon waɗanda faɗinsu bai kai nanomita 100 ba, su tura ruwa mai furotin ta ciki don su ga abin da zai faru.

A irin wannan ƙunci bango ne ke da ta-cewa. Furotin yana zama kamar jaki da kaya a lungun tsohon birni, duk inda ya juya sai ya gogi katanga. Bangon gilashi yana ɗauke da cajin lantarki idan ya jiƙe, furotin ma yana da nasa cajin, wanda ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, don haka ko dai bangon ya ture shi, ko ya ja shi ya manne. Yawan gishiri ma yana da tasiri: a ruwa mai gishiri irin na jini, ƙarfin cajin bango ba ya kai nanomita ɗaya kafin ya dushe, amma a ruwa mai ƙarancin gishiri yana iya mamaye hanyar baki ɗaya. Mannewar nan ita ce babbar matsalar masu ƙera waɗannan na'urori, domin jini cike yake da wasu furotin, musamman albumin, da kan riga wanda ake nema kama wuri, su toshe hanya ko su kawo sakamakon ƙarya. Zafi kuma yana warware naɗin furotin, kuma da zarar siffarsa ta lalace sinadarin garkuwa yana iya kasa gane shi.

Dalilin da ya sa masana ke shan wannan wahala shi ne hanya ƙarama tana iya sanar da wucewar furotin guda ɗaya tak. Dabarar ta daɗe. Wallace Coulter ya yi wa hanyarsa ta ƙidaya ƙwayoyin jini rajista a 1953: ana ratsa lantarki ta wata kafa, duk ƙwayar da ta wuce sai lantarkin ya ɗan ragu, a ƙirga. A 1996 wasu masana a Amurka suka nuna cewa za a iya jin wucewar zaren ƙwayar halitta, wato DNA, ta kafa mai faɗin nanomita biyu ko ƙasa da haka, kuma na'urar hannu da aka gina a kan wannan tushe ta yi aikin karanta ƙwayar halittar cuta a ƙasar Gini lokacin Ebola a 2015, da kuma asibitin Irrua a Jihar Edo lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa a 2018. Sai dai karanta furotin ya fi wuya, domin tubalansa iri 20 ne yayin da na ƙwayar halitta 4 ne kacal, ga shi cajinsa ba daidai yake a duk jikinsa ba. Amma wanda ya taɓa yin gwajin jini kafin aure ya riga ya amfana da wannan ilimi, tun da tubali ɗaya ne ya bambanta himoglobin na sikila da na mai lafiya, kuma ɗan bambancin cajin da ya haifar ne ke raba su idan aka sa musu lantarki.

Akasarin waɗannan na'urori na furotin suna ɗakunan bincike har yanzu. Don haka duk wanda ya zo kasuwa ko tasha da wata na'ura da za a riƙe ƙarfenta a hannu ta lissafa cututtukan hanta da ƙoda ba tare da jini ba, ko da ya kira ta da sunan sabuwar fasaha, a ƙaurace masa.

Abin da ya kamata a ɗauka daga binciken ya shafi gwajin da ke hannunmu yau. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tabbatar da maleriya ta gwaji kafin a ba da magani. Ruwan gwajin da ke zuwa cikin kwali an auna gishirinsa da tsaminsa, saboda haka ba a musanya shi da ruwan allura, ko da na wani kamfani, kuma ba a ƙara ɗigo fiye da yadda takardar ta ce. Yawancin kwalayen an yi su ne don ajiya ƙasa da digiri 30 ko 40, zafin bazara kuwa a Sakkwato ko Maiduguri yana zarce haka, ballantana a shagon kwano ko bayan mota. A karanta sakamako a lokacin da aka ƙayyade, galibi minti 15 zuwa 20, kuma idan layin tabbatarwa, wato wanda ke nuna abin gwajin ya yi aiki, bai fito ba, to a sake da sabo.

Akwai iyakoki biyu da mai jinya ya cancanci ya sani. Furotin HRP2 yana iya zama a jini makonni bayan an warke, don haka layi biyu, wato alamar akwai cuta, ga yaron da ya gama shan magani kwanan nan ba lallai ba ne ya nuna cuta ta dawo. Sannan akwai ƙwayoyin da suka daina yin furotin ɗin, an fara ba da rahotonsu a Peru a 2010, kuma yawaitarsu ta sa Eritiriya sauya nau'in gwajinta. Idan gwaji ya nuna babu amma zazzaɓi ya ƙi sauka, a koma asibiti a nemi a duba jinin da madubin likita, a kuma binciki wasu cututtukan.