Taƙaddamar garantin mota kan canje-canjen mai mota

Taƙaddamar garantin mota saɓani ne da ke tashi tsakanin wanda ya sayi sabuwar mota da dilan da ya sayar masa, idan motar ta lalace kafin wa'adin garanti ya cika, dila kuma ya ƙi gyara kyauta bisa hujjar an sa mata abin da ba na kamfani ba, ko an cire wani abu daga jikinta. A Abuja, inda ma'aikatu, ofisoshin jakadanci da kamfanoni ke sayen sabbin motoci, rigimar kan tsaya ne a kan tambaya guda: shin canjin da aka yi ne ya jawo lalacewar, ko kuwa da aibinta motar ta fito daga masana'anta?

Asali

Garantin kamfani ba baƙo ba ne a Arewa. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, mai sayen sabuwar 504 yakan karɓe ta da littafin sabis, wanda dila ke buga wa hatimi duk lokacin da aka juye baƙin mai. A wancan zamani canjin da ake yi wa mota bai wuce rediyo, kariyar kaya a kan rufi ko ƙarin sifirin a baya ba, kuma wayarin ɗin motar bai fi ƙarfin bakanike na gefen titi ba.

Bayan faɗuwar darajar naira da ta biyo tsarin tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci. Daga wajen ƙarshen shekarun 1980 motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, suka cika kasuwa. Waɗannan ba su da garanti, don haka kanikawa suka saba da yi musu dabarun da suka ga dama: cire tamostat (na'urar daidaita zafin inji), haɗa fanka kai-tsaye, zuba baƙin mai mai kauri. Wannan sabo ne ya bi masu mota har zuwa kan sabbin motoci masu kwamfuta, kuma shi ne tushen yawancin rigingimun yau.

A Amurka an daɗe da yin doka a kan batun. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko garejinsa, sai dai idan kyauta yake bayarwa. Hukumar kula da ciniki ta ƙasar tana fassara dokar da cewa dila ne zai nuna kayan da aka sa su suka jawo ɓarna kafin ya ƙi gyara. Tarayyar Turai ma ta yi ƙa'ida a 2002, ta sabunta a 2010, wadda ta ba mai mota damar yin sabis a gareji mai zaman kansa ba tare da ya rasa garanti ba. Masu mota a Najeriya kan kafa hujja da waɗannan dokoki don sun karanta a intanet, alhali ba sa aiki a nan.

Abin da garanti ya ƙunsa

Wa'adin da aka fi gani shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika; wasu kamfanoni na ba da shekara 5. Aibin ƙira ne garanti ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ke cinyewa da aiki, irin su takalmin birki, kuloci da filta, ba ya ciki, haka ma haɗari, ambaliya da gurɓataccen mai.

Canje-canjen da suka fi jawo rigima

Cire tamostat shi ne kan gaba. Kanikawa da yawa sun yi imanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Aikinsa tsare ruwa a cikin inji har zafi ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, sannan ya buɗe hanyar lagireto. Idan babu shi, inji ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar mota, wadda ake kira birenbos, sai ta yi ta ƙara fetur, fetur ya wanke man da ke jikin silinda ya kuma tsinka baƙin mai. A wasu injuna rashinsa na barin gajeriyar hanyar ruwa a buɗe, ruwa ya riƙa zagayawa ba ya bi ta lagireto sosai, abin da aka gudu shi ke faruwa: gasket ya ƙone. Dila yana kwance bututu ya ga gurbin babu komai, magana ta ƙare.

Sai aikin waya. Na'urar bibiyar mota, wadda ake kira tiraka, kamfanoni da masu ba da bashin mota kan matsa a sa ta. Mai wayarin yakan feɗe wayar famfon mai ya sa rile don a iya kashe motar daga nesa. Idan an murɗe wayoyin da hannu an naɗe da salatif, ba a yi musu dalma ba, ba a sa fis ba, mahaɗar kan yi zafi ko ta saki, mota ta mutu tana cikin gudu. Motar da aka kulle, bayan kwamfutocinta sun kwanta, bai kamata ta riƙa jan wuta fiye da miliamfiya 50 ba. Tiraka mai arha ko allon Android da aka haɗa ba daidai ba kan hana su kwanciya, batir ya kwana ya mutu. Ƙwan fitila ma haka: na kamfani wat 55 ne, yana jan amfiya 4.6 ko kusa da haka, na wat 100 kuwa ya haura amfiya 8, sai soket ya narke.

Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, wani lokaci mai mota ne ke sa a fasa ta, wani lokaci kuma sace ta ake yi a gareji saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Ko ta yaya, fitilar gargaɗin inji za ta kama da lambar P0420, kuma dila ba ya tambayar wa ya cire.

Baƙin mai mai kauri 20W-50 a injin da aka rubuta masa marar kauri 0W-20 ko 5W-30 yana jinkirin isa saman inji da safe. Man giya na gama-gari a giyar CVT, wato giyar otomatik mai aiki da bel, yana sa bel ɗinta zamewa.

Taya da ɗaga mota sun fi wuyar yanke hukunci. Daga taya mai lamba 205/55R16 zuwa 225/45R17 tsayin taya bai canja da ko kashi 1 cikin 100 ba. Zuwa 225/55R17 kuwa ya ƙaru da fiye da kashi 7, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Robar da ake sa wa a kan shokozoba don mota ta tsira daga ramuka tana karkatar da shaf, ƙoƙonsa ya yi saurin ci. Amma ramukan kansu na yin wannan ɓarnar, shi ya sa a nan kowa ke tsayawa a kan bakansa.

Tinti ba ya taɓa garantin inji. Tsakanin mai mota da 'yan sanda ne.

Mayar da mota iskar gas

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi aiki da matsattsiyar iskar gas da ake kira CNG, aka buɗe wuraren yin aikin a Abuja. Aikin ya haɗa da huda bututun shigar iska don sa nozul, sa wata ƙaramar kwamfuta, da ɗaure tukunya mai matsin iska "bar" 200 a but, wadda nauyinta kan haura kilo 50. Iskar gas busasshiya ce, ba ta sanyaya bawul kamar fetur, don haka mazaunin bawul kan ci a injin da ba a ƙera don ita ba. Amincewar hukuma da wurin da ya yi aikin ba ta wajabta wa kamfanin mota ya ci gaba da garantin inji. Sai an karɓi yardar dila a rubuce kafin a taɓa.

Yadda dila ke ganowa

Ana jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lambobin matsala tare da gudun mota da zafin inji a lokacin da abin ya faru. Goge lambobin kafin a kai mota ba ya amfani, domin na'urar na nuna kilomita nawa aka yi tun da aka goge. Idan an sauya manhajar birenbos don ƙarin ƙarfi, lambar tantance manhajar kan canja. Volkswagen da Audi suna sa wa irin wannan mota alamar TD1 a rumbunsu, ta bi lambar shasi duk inda ta je. Sau da yawa ma ba a kai ga na'ura: mai karɓar mota ya leƙa ƙasan dashbod, ya ga sabon salatif, ya ce, "Alhaji, an taɓa wayar nan."

Doka da hanyar ƙorafi

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 don a gyara, a sauya ko a biya shi, ta kuma haramta sharuɗɗan kwangila na zalunci. Ko sharaɗin "duk wani canji ya soke garanti baki ɗaya" na cikin irin waɗannan, lauyoyi sun sha bamban.

A aikace, ana fara da neman dila ya rubuta dalilin ƙin gyara, ya ambaci sashen littafin garanti da ya dogara da shi da lambobin da na'ura ta nuna. Kada a bari a kwance inji sai an ɗauki hoto, a kuma karɓi kayan da aka cire. Rasit ɗin sabis na waje, ko daga garejin kanikawan Apo da ke Abuja ne, ya ɗauki kwanan wata, kilomita da lambar man da aka zuba. Daga nan sai rahoton injiniya mai zaman kansa da ke nuna tiraka, alal misali, ba ta da alaƙa da giyar da ta lalace, sai takarda zuwa babban wakilin kamfanin a Najeriya, sannan FCCPC ko kotu. Wasu rigingimun kan ƙare da sulhu, kamfani ya ba da kaya, mai mota ya biya kuɗin aiki.

Motar da aka shigo da ita ta bayan wakilin kamfani, ko da ledar kujerunta ba a cire ba, garantinta galibi na ƙasar da aka sayo ta ne.