Ba son kai ba ne idan nas ta tsallake ka

Duk lokacin da ruwan Rima ya yi ambaliya, kamar ta 2010 da ta shafi Goronyo da kewaye, ko mota ta kife a hanyar Illela, za ka ji ana cewa nas-nas a Sakkwato sai wanda suka sani suke dubawa. "Mun riga zuwa, amma aka wuce mu."

Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana jawo asarar rai. A ranar bala'i ba a bin layi. An koya wa ma'aikatan jinya su tantance majinyata gwargwadon hatsarin da suke ciki. Mai ihu da karayar hannu yana numfashi, jininsa na zagayawa, zai iya jira. Wanda ya yi shiru, jikinsa ya yi sanyi, wataƙila jini ke zuba a cikinsa, mintuna kaɗan suka rage masa. Haka yaron da amai da gudawa suka zurma wa idanu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cincirindon 'yan uwa a bakin gado, kowa na jan rigar nas. Mutum ɗaya ya tsaya ya yi bayani, sauran su je su ba da jini.